Yadda Ake Zaɓen Saukar Ƙwallon Jan Tirela Don Ta Tafi Lebur

Da kakar albasar bara waccan na ɗauko kaya daga wata fadama da ke bayan Wurno, a ƙaramar tirelar da wani mai walda ya haɗa mini a nan cikin Sakkwato. Da Hilux nake jan ta. Har muka wuce Achida ban ji komai ba, sai da titi ya miƙe na ɗan taka mota, allura ta doshi 70. Ɗan yayata da ke zaune gefena ya leƙa madubi ya ce, "Kawu, tirela na rawa." Kafin ya rufe baki na ji bayan motar yana kaɗawa hagu da dama kamar wani ƙato ya kama ta yana jijjigawa. Na ɗage ƙafa daga totur, na riƙe sitiyari kam, ban taɓa birki ba, har Allah ya sa ta lafa muka gangara gefen hanya. Ina tsugune ina latsa tayoyi sai ga wani dattijo, tsohon direba, ya taso daga inuwar dogonyaro. Ko kallon tayar bai yi ba. Ya ja da baya kamar taku goma, ya karkata kai, ya ce, "Alhaji, wagga ba matsalat taya ta ba. Motakka ta yi mata tsawo. Dubi hancinta, sama yaka kallo."

Na je na tsaya inda yake tsaye. Gaban tirelar ya ɗaga, gindinta ya kusa sharar ƙasa, buhunan duk sun jingina baya. Wata uku ina jan ta a haka ban lura ba, domin kullum daga kusa nake kallon ta.

Tirelar da nake magana a kai ba irin ta manyan motocin da ke ɗaukar siminti daga Kalambaina ba ce. Ƙarama nake nufi, wadda ake ɗaura wa fikof ko jif a baya don ɗaukar albasa, taki, injin ban ruwa, janareta, tankin ruwa ko raguna.

Ƙarafan da abin ya shafa

Mu fara da sunaye don kada mu ruɗe a gaba. A ƙarƙashin bayan motar akwai wani bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu da aka ɗaure da shasi, zan riƙa ce masa kube. Wanda aka fi gani a fikof da jif ɗin da suka fito daga Amurka bakinsa inci 2 ne, ƙananan motoci kuma inci 1 da kwata, manyan fikof inci 2 da rabi. A cikin kuben ake zura hannu, a soke shi da fil. A ƙarshen hannun akwai ɗan faranti mai huda inda ake ɗaure ƙwallo da noti. Ita kuma tirela tana da wuya, a ƙarshen wuyan akwai hula wadda ke kifewa a kan ƙwallon ta kulle.

Hannun nan ba miƙaƙƙe ba ne a mafi yawan lokuta. Ana lanƙwasa shi ƙasa don ƙwallon ya sauko daidai da tirela. Tazarar da ke tsakanin saman sandar da ke shiga kube da saman farantin ita ce sauka, abin da Turawa ke ce wa dirof. Idan aka kifa hannun farantin ya koma sama, sai a kira tazarar hawa. Duk aikin da ke gabanmu shi ne gano inci nawa na sauka ko hawa motarka da tirelarka suke bukata.

Abin da karkata ke jawowa

Kaya a saman aksul suke zaune. Da zarar hanci ya ɗaga, tsakiyar nauyin kayan sai ya zame baya, nauyin da ke danne ƙwallo ya ragu. Wannan nauyin kuwa shi ke sa tirela ta bi mota sau da ƙafa. Ƙa'idar da ake bi a Amurka ita ce wuyan tirela ya danne ƙwallo da kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirelar da kayanta gaba ɗaya. A Turai sukan yi ƙasa da haka. Idan nauyin ya yi kaɗan, iskar babbar mota da ta gifta ko ɗan rami ya isa ya tayar da rawar da ta same ni a hanyar Achida, kuma gudu ƙara mata ƙarfi yake yi.

Idan hancin ya yi ƙasa da yawa, wata matsalar ce daban. Nauyi ya taru a bayan mota, tayoyin gaba su yi sakayau, sitiyari ya riƙa yawo a hannu, birki ya rage kamu, fitilu su riƙa haska idon masu tahowa da dare. Ƙafar jak ɗin tirela da sarƙoƙi kuma su dinga gugar ƙasa.

Kayan da ke motsi sun fi tona asirin karkata. Ruwa a tanki kullum gangare yake bi. Lita 1,000 tan ɗaya ne cur, in tankin rabi ne kuma tirela ta karkata baya, kilo 500 ne suka koma inda ba ka so, suna kai da kawowa. Raguna ma haka. Duk wanda ya taɓa ɗauko dabbobi daga Illela gabanin Babbar Salla ya san yadda suke cunkushewa wuri guda in daɓen ya karkace, na ƙasa yana shan tattaka.

Kafin ka ɗauko tef

Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan aikin kimar ido ba ta isa ba, santimita 5 ba ta ganuwa daga kusa amma hanya tana jin ta. Tanadi tef ɗin awo, lebur irin na magina in akwai, alli ko gawayi, guntun katako da bulo biyu.

Nemi daɓe shimfiɗaɗɗe. Wannan shi ne wurin da yawancinmu ke kuskure, domin ƙofar gida a nan galibi yashi ne ko gangare zuwa lambatu. A kan yashi ƙafar jak nutsewa take yi kana cikin awo, lambar da ka rubuta ɗazu ta tashi daga aiki. Daɓen siminti na gidan mai da sassafe, ko filin sito, ko garejin da aka yi wa kankare, su suka dace. Ka nemi izini, minti ashirin ya ishe ka.

Sannan ka biya wajen mai faci a sa geji a duk tayoyin, na mota da na tirela, tun da safe kafin su ɗau zafi. Tayar da iskarta ta ragu tana sauke gefenta, kai kuma ka ɗauka tsayin ƙarfe ne.

Abu na uku shi ne wanda na fi so a riƙe: a yi awon da kaya, yadda za a yi tafiyar. Tirela wofi da tirela mai lodi ba tsayinsu ɗaya ba, sifirin yana kwanciya, taya tana ɗan bajewa. Mota ma haka. In ka saba tafiya da mutum uku a ciki da jarkokin mai da buhunan taki a bodi, to su shiga kafin a auna. In ba zai yiwu ka kawo ainihin kayan ba, buhun siminti ko na taki kilo 50 ne, da su za ka kwatanta.

Awon tirela

Cire tirelar daga mota, ka sa duwatsu a gaba da bayan tayoyinta. Ɗora ƙafar jak a kan katako ka riƙa murzawa har ta zauna lebur. In tirelarka ba ta da jak a wuya, kamar yawancin na gida, jak ɗin mota ya yi, ko a tara bulo da katako a ƙarƙashin wuyan.

Yadda za ka tabbatar ta yi lebur: ɗora lebur ɗin magina a kan ƙarfen firam, ba a kan daɓen katako ko murfin taya ba, domin waɗannan sukan karkace tun daga wajen walda. Ni dai na fi yarda da tef. Auna daga ƙasa zuwa ƙasan firam a kusurwar gaba, ka sake aunawa a kusurwar baya, a jikin ƙarfe guda. Lambobin biyu su zo ɗaya. Amfanin wannan hanyar shi ne ko daɓen yana da ɗan gangare ba zai yaudare ka ba, tunda abin da ake so tirela ta yi daidai da hanya.

Da ta zauna, auna daga ƙasa zuwa leɓen ƙasa na hula, wato gefen da zai zo daf da farantin ƙwallo. Rubuta. A tawa tirelar da lodinta na samu santimita 43.

In tirelar mai zobe ce ba mai hula ba, kamar yadda ake gani a manyan janareta da injin kwaɓa kankare, ƙugiya take bukata maimakon ƙwallo. A nan sai ka auna zuwa ƙasan zoben, ka daidaita shi da wurin da zai kwanta a cikin ƙugiyar. Sauran lissafin duk ɗaya ne.

Awon mota

Tsaida motar a daɓen nan dai. Auna daga ƙasa zuwa leɓen sama na cikin bakin kube. Na ciki, ba na waje ba, domin kaurin ƙarfen da zoben da ke kewaye da bakin sukan ƙara kusan santimita ɗaya. Daga wannan wurin ne masu ƙera hannu suke fara ƙirga sauka.

Sau uku nake so ka yi wannan awon, za ka ga dalili. Na farko mota wofi, tawa ta ba ni 58. Na biyu da mutane da kayan bodi, ta sauko 55. Na uku shi ne wanda ake mantawa: da nauyin wuyan tirela. Tunda ba ka sayi hannun ba tukuna, ba halin ɗaura tirelar, sai a yi dabara. Tirelata da kayanta kusan tan ɗaya ce, wuyanta zai danne ƙwallo da kilo 100 zuwa 150. Sai na sauke ƙofar bodi na sa ƙarti biyu suka zauna a can bakin ƙarshenta, daidai saman kube. Buhun siminti biyu ko uku ma sun yi. Tef ya nuna 52 da rabi.

In kana son sanin ainihin nauyin wuyan ba kintace ba, ari sikelin masu awon hatsi. Ƙaramar tirela kai tsaye za ka ɗora wuyanta a kan sikelin, da katako a tsaye don ta zauna a tsayinta na lebur. In nauyin ya fi ƙarfin sikelin, shimfiɗa katako mai kauri, kai ɗaya a kan bulo, ɗayan a kan sikeli, tazararsu ƙafa 3. Ɗora wuyan tirela ƙafa 1 daga bulon, wato ƙafa 2 daga sikelin. Abin da sikeli ya nuna ka ninka sau 3. Kada ka manta ka cire nauyin katakon kansa tun farko.

Lissafi

Ɗebe tsayin hula daga tsayin kube. In kube ya fi tsawo, sauka kake bukata. In hula ta fi, hawa.

Nawa: 52 da rabi a ɗebe 43, saura 9 da rabi. Hannuwan da ke kasuwa da inci ake rubuta su, inci ɗaya kuwa santimita 2.54 ne. A taƙaice inci 2 kusan santimita 5, inci 4 kusan 10, inci 6 kusan 15, inci 8 kusan 20. Ke nan mai saukar inci 4 ne nawa.

Dubi abin da zai faru da na tsaya a awon farko. 58 a ɗebe 43 saura 15, da na sayo mai inci 6, da na yi lodi hancin tirelar ya nutse fiye da santimita 5 ƙasa da lebur. Hannun da ya zo da motar kuma, wanda na yi wata uku ina ja da shi, kusan miƙaƙƙe ne, shi ya ɗaga mata hanci kusan santimita 9. Kuskuren yana iya zuwa ta kowane ɓangare.

Da wuya lissafi ya faɗa daidai kan abin da ke shago. In ka tsaya tsakanin biyu, a ce inci 3 ya fito alhali mai 2 da mai 4 kawai ake da su, kuma tirelarka mai aksul ɗaya ce, ɗauki mai 4. Hanci ya ɗan sunkuya da inci ɗaya ya fi ya ɗaga da inci ɗaya, domin sunkuyawar ƙara danne ƙwallo take yi.

Wannan sassaucin bai shafi mai aksul biyu ba, kuma nan mutane da yawa ke ruɗewa. In mai aksul biyu ta sunkuya, aksul ɗin gaba ne ke karɓe nauyin, har ya rage abin da ke kan ƙwallo. In ta ɗaga, na baya ya sha wahala. Ko ta yaya dai tayoyi biyu suna ɗauke da aikin huɗu, kuma a watan Afrilu da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, kwalta na turiri, tayar da aka yi wa lodi fiye da kima ba ta daɗewa take fashewa, boris ɗinta ma ya ƙone. Wadda ke da ɗan ƙarfen lilo tsakanin sifirin gaba da na baya tana ɗan raba nauyin, wadda ba ta da shi kuwa ba ta yafe ko kaɗan. Mai aksul biyu lebur take so, in hannun da ya dace bai samu ba a nemi mai hawa da sauka, wanda ake matsar da ƙwallonsa sama ko ƙasa.

Wani gargaɗi kafin mu je shago. In ka ga bayan motarka ya nutse sosai da nauyin wuya, gabanta ya ɗaga, kada ka ce za ka gyara da hannu mai gajeriyar sauka. Tirela za ta yi lebur, amma motar tana nan da ciwonta, ɓoye shi kawai ka yi. Maganin shi ne a sake jera kaya, kusan kashi 60 a gaban aksul, 40 a baya, mafi nauyi a ƙasa kusa da aksul, ko a rage lodin, ko a duba sifirin da shokozoba in sun gaji.

A wajen saye

Tafi da tef ɗinka. Kada ka dogara da abin da mai shago ya ce, musamman a kayan gwanjo da suka rabu da kwalinsu. Kwantar da hannun, ka aza miƙaƙƙen katako a saman sandarsa, ka auna daga katakon zuwa saman faranti.

In hawa kake bukata, ka sani cewa kifa hannu ba ya ba da lamba ɗaya da saukarsa. Wanda aka fi sani, mai saukar inci 2, in an kifa shi hawan kashi uku cikin huɗu na inci kawai yake bayarwa. Mai inci 4 kuma wajen 2 da kashi uku cikin huɗu. Wato a kube mai inci 2 ka ɗebe kusan inci ɗaya da kwata daga saukar. Sai an kwance ƙwallon an mai da shi ɗaya fuskar, kuma a duba ko maƙerinsa ya yarda a kifa shi, akan rubuta a jiki.

Duba lambobin nauyi da aka buga a jikin hannun: ɗaya na jimlar tirela, ɗaya na wuya. Kayan Amurka da fam ake rubutawa, raba biyu ka ɗan rage ka samu kilo, fam 5,000 kusan kilo 2,270 ne. Kube yana da tasa lambar, ƙwallo yana da tasa, hula tana da tata, motar ma akwai iyakar da kamfani ya sa mata a littafinta. Wadda ta fi ƙanƙanta a cikinsu ita ce iyakarka.

Sai girman ƙwallo, wanda a nan ƙasar ya fi ko'ina rikici saboda kayanmu daga ko'ina suke zuwa. Na Amurka uku ne aka fi sani: inci 1 da 7/8, inci 2, da inci 2 da 5/16. Na Turai milimita 50 ne. Inci 2 kuwa milimita 50.8 ne, a ido ba ka raba shi da na Turai, amma hular Turai tana iya ƙin kullewa sosai a kansa. Mafi haɗari shi ne ƙwallon inci 1 da 7/8 a ƙarƙashin hular inci 2: za ta shiga salin alin, ta yi kamar ta kulle, a tudun farko ta tsalle. Ana buga girman a saman ƙwallon da kuma jikin hula, a goge tsatsa a karanta. Ƙafar ƙwallon ma ta cika hudar faranti, kada a sa mai siririyar ƙafa a babbar huda a ce washa za ta riƙe. Notin kuma ɗauri yake so na gaske, da doguwar sifana, da washa mai tsaga a ƙarƙashinsa.

Akwai hannu mai hawa da sauka, wanda ke da jerin hudoji ana matsar da ƙwallon sama ko ƙasa a soke da fil. Ya fi tsada, ya fi nauyi, yana kuma ɗan ƙara a hanya mara kyau. In tirela ɗaya gare ka da mota ɗaya, ban ga dalilin sayensa ba. In kuwa yau tankin ruwa, gobe tirelar maƙwabci, jibi janareta, ko lodinka yana bambanta sosai, kuɗinsa halal ne. Sai dai ka lura da jelarsa da ke saukowa ƙasa.

Maganar jela ta kawo mu ga tazara da ƙasa. Duk yadda sauka ta yi tsawo, haka ƙarfen ke kusantar hanya, haka kuma yake ƙara murɗa kube kamar yadda doguwar sifana ke murɗa noti. Ni ba na son abin da ke ƙasan hannun, har da notin ƙwallo, ya gaza santimita 28 daga ƙasa bayan an yi lodi. Ka tuna tudun rage gudu da ke cikin garuruwan da ke kan hanyar Illela, da kwalbatin ƙofar gida, da hanyar gona mai tudu a tsakiya inda amalanke ya cinye gefe biyu. In jif ɗinka doguwa ce har lissafi ya ce inci 8 ko 10, gara a ɗaga tirelar: a sa mata taya mafi girma, ko a mai da sifirin saman aksul in a ƙasa yake. Bayan haka a sake awo daga farko.

Na san za a ce, me ya sa ba za a je wajen mai walda ya lanƙwasa ɗaya ba? Muna da gwanayen ƙarfe, Maƙerar Assada kaɗai ta isa shaida. Amma hannun ja abu ne da ke shan fizga da danna sau dubbai a tafiya guda, kuma wanda aka yi da bututu mara kauri ba ya nuna alama kafin ya karye. Nawa ra'ayin, hannu da ƙwallo a sayi na kamfani mai lamba a jiki. Kada a yi walda a jikin ƙwallo, kada a gasa hannu da wuta don a ƙara masa lanƙwasa, kada kuma a liƙa ƙwallo a jikin bamba. Aikin mai walda a bar shi a ɓangaren tirela.

In motarka ta Turai ce

Motocin Beljiyam da yawa suna zuwa da ƙwallonsu a kan wani lanƙwasasshen ƙarfe guda, babu kube, babu hannun da za a sauya. Dokar Turai ta sa tsakiyar ƙwallon ya kasance tsakanin milimita 350 da 420 daga ƙasa idan mota na ɗauke da kaya, tirelolinsu kuma an ƙera su su dace da hakan. Tamu ta gida ba ta san wannan doka ba, tsayinta ya danganta da aksul da tayar tsohuwar motar da aka samu ranar da aka haɗa ta.

A nan tirela ce za ta bi mota. Auna daga ƙasa zuwa tsakiyar ƙwallon da lodi, ka auna zuwa tsakiyar kwarmin hula tirela tana lebur, bambancin shi za ka kai wa mai walda. Yana iya mai da hular saman wuya ko ƙasansa, ko ya sa faranti mai kauri a tsakani, ko ya kafa ƙarfe a tsaye mai jerin hudoji a ƙarshen wuyan, da ƙarafan tokara a bayansa. Wanda zai ba da aikin sabuwar tirela kuwa, ya kai motar garejin tun ranar farko a auna, kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya.

Gwaji

Zura hannun, soke fil, sa maƙallinsa. Fil ɗin kube mai inci 2 kaurinsa 5/8 na inci ne, kada a maye gurbinsa da guntun rodi ko ƙusa. Shafa ɗan giris a ƙwallo, sauke hula, kulle. Sannan murza jak ɗin tirela sama kamar za ka cire ta: in bayan motar ya biyo ta ya ɗaga, ta kama. Janye jak ɗin gaba ɗaya. Sarƙoƙi biyu a gicciye su a ƙarƙashin wuya, ta dama ta tafi hagu, ta hagu ta tafi dama, yadda in hula ta kuɓuce wuyan zai faɗa kansu ba ƙasa ba. Su yi sako-sako daidai shan kwana, amma kada su ja ƙasa.

Matsa gaba ka dawo baya kamar tsawon mota biyu don sifirin ya zauna, mutane su shiga, ka sake auna kusurwar gaba da ta baya na firam. In bambancin bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba, kuma gaban ne ya fi ƙasa, mai aksul ɗaya ta yi. Sai ka ja da baya taku goma ka kalle su ta gefe, irin kallon dattijon Achida.

Fita gwaji a hankali. Ni nakan bi hanyar Kware, in fara da 40, in ƙara zuwa 60, ina kallon madubi. In na kai can sai in tsaya in taɓa kowace taya da murfin boris da bayan hannu. Ɗumi ba laifi, amma in ɗaya ta fi 'yar'uwarta zafi sosai akwai magana, a mai aksul biyu kuwa wannan ne zai gaya maka wane aksul ke cin wuya. In leƙa fil, in girgiza ƙwallo, in duba ko notin ya saki. In rawa ta taso duk da tirela tana lebur, to jerin kaya ne, a matso da wasu gaba.

Lambobin ukun nan na rubuta su da fenti a cikin ƙofar bodi: 52 da rabi, 43, inci 4. Ranar da na canja tayoyin motar zuwa masu tsawo sai da na goge na farko da na ƙarshe na sake ɗauko tef. Hannun kuma in ba ja zan yi ba cire shi nake yi in jefa bayan kujera, tun ranar da wani ɗan kabu-kabu ya daki ƙwallon da ƙaurinsa a cunkoson bakin kasuwar Kara, na sha ba da haƙuri har da kuɗin magani.